Hasken Mutum Biyu

Zuwa ga Yayana Murtala,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana raye, kana cikin tsarinsa a duk dajin da suka kai ka. Tun ranar da aka tare motarku a hanyar Maradun, za ka ɗaukar hoton suna, ni nake buɗe shagonka a nan Talatar Mafara.

Yaya, gobe zan ɗauki Inna hoto, kuma tsoro nake ji.

Ka san ta. Duk shekarunka a sana'ar nan ba ta taɓa yarda ta zauna gaban kyamararka ba, sai ta ja mayafi ta ce mi za a gani ga tsohuwa. To ita da kanta ta nema. Jikinta ya yi sanyi ƙwarai tun bayan damina. Ta ce, “Sau guda za ka ɗauka, in ya komo bai ishe ni ba, shi ga huskata.”

Sau guda, Yaya! Ni da kake yi wa tsiya wai na ƙone ango da fitila har babbar rigarsa ta koma madara. Ranar ka rage min filasha daga cikakken ƙarfi zuwa kwata, ka ce, “Farin kaya ba shi son tsawa, baƙar fata ba ta son rowa. Matso da lemar fitila kusa, ka yi mata sannu.” Inna kuwa baƙa ce wuluk, kuma farin mayafinta za ta yafa.

Akwai abin da ba ka koya min ba, don lokacin bai zo ba. Yanzu mutanen ƙauyukan Janbako da suka gudo ba sa jure filasha. Kwanaki na danna wa wata mata filasha da ƙarfi, fitilar ta yi fau, matar ta faɗi ƙasa ta rufe ɗanta da jikinta. Inna ma haka take tun tafiyarka, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura. Don haka na shirya kwata, lema dab da ita, ba ƙara, ba walƙiya mai yawa. Na gwada a bayan hannuna har na gaji.

Sai ɗazu ta ce kada in kawo kujera, benci take so. “Ka bar mishi wuri ga hannun damana.”

Kai ka koya min cewa hasken mutum biyu ba na mutum ɗaya ba ne. Dole a ja fitila baya, a ƙara ƙarfi zuwa rabi, in ba haka ba gefe guda ya nutse cikin duhu. In na ƙara, ina tsoron ta firgita ta rufe ido, shi ke nan hoton. In na bari a kwata, wurinka zai fita baƙi ƙirin, kuma na san yadda za ta fassara shi.

Na yanke shawara. Zan gaya mata ta yi bisimilla ta dube ni, in kai ƙarfin fitilar rabi. Ba zan bar gefenka cikin duhu ba.

Allah ya sassauta zukatan waɗanda ke riƙe da kai, ya ƙara wa Inna kwana, ya dawo mana da kai ka cike wurin nan. Ba zan janye bencin ba.

Ƙaninka mai jiranka,
Bashiru