Albasar Kaka Ilyasu

Jiratawa, Maris 1994

Zuwa ga jikata Hidaya, a Sabon Gari,

Gaisuwa mai yawa, ke da uwarki. Tanimu mai shago ke rubutawa, ni ke faɗa.

Amaryata, tunda yajin ɗalibai ya koro ki daga Yamai, ga aiki. Tun da aka yi zaɓe Gado mai rabon ruwa ke rage mini ruwa, don na ƙi jam'iyyarsu. Albasata duk ta tsumbure. Ga talatin nan cikin kwando, da hannuna na tsince su. Ki auna da lissafin nan naku, ki rubuta da Faransanci in kai wa kwamitin gonakin rani, kowa ya ga abin da ya yi mini.

Kakanki, Ilyasu

*

Kaka,

Ina gaishe ka da aiki. Kwando ya iso. Haba angona, ƙananan ka bi ka tsinto, wasu ma tafarnuwa ta fi su! Ka manta dokar kwamiti? Duk gonar da matsakaicin nauyin albasarta ya kasa giram ɗari biyu, karɓewa ake a ba wani. In na rubuta wannan awon, da hannunka ka miƙa wa Gado gonarka. Ina tafe Juma'a da sikeli. Don Allah kada ka taɓa komai.

Jikarka, Hidaya

*

Kaka,

Barka da war haka. Na gama lissafin arba'in ɗin da na jawo ran Juma'a daga tsibin albasarka idona rufe, kana tsaye kana ta mita.

Mu a karatu da zato muke farawa: albasarka ta cika ɗari biyu, sai mu ga ko awo zai ƙaryata. Matsakaici ya fito ɗari da casa'in da huɗu. Kada gabanka ya faɗi. Albasarka kan saɓa da juna da wajen giram talatin, don haka giɓin shida a ɗiba arba'in, dace kaɗai na iya kawo shi. Gobe in na sake ɗiba, yana iya haurawa. Awo bai ƙaryata zaton ba. Kwamiti ba shi da hujja a kanka, kai ma ba ka da hujja a kan Gado.

Ka huta lafiya. Hidaya

*

Amaryata,

Gaisuwa da godiya. Na kai wa kwamiti awonki, sun karanta, sun bar mini gonata. Alhamdu lillahi! Rabona da cinye tuwo kwano guda tun ranar da kika tuna mini dokar nan, sai jiya.

Na sa Tanimu ya maimaita mini takardarki. Cewa kika yi babu hujja ya rage ruwa, ba ki ce bai rage ba. Da Gado ya miƙo hannu na karɓa, amma ban tambaye shi mutanen gida ba.

Allah ya yi miki albarka.

Ilyasu