Sifanar Baba

Yaya Dumiso,

Ina gaisuwa daga Coventry. Yaya Mama da ƙafarta? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai ya farfasa min yatsu. Kada ka gaya mata.

An kawo garejinmu motar 1934, irinta bakwai suka rage a duniya. Maigidana Pritchard ya ce in cire injinta a sa batir. Na ce, "Maigida, kore ni, amma ba da hannuna ba." Ya ba ni wata guda in tayar da ita ko in tattara kayana.

Notocinta na tsohon awon inci ne. Sifanar Baba kaɗai ta kama su, wadda abokan aikina suke yi wa dariya. Don Allah aiko min sauran ukun daga Bulawayo. Sai sun ji kukan injin nan da kunnuwansu.

Ƙaninka,
Nkosana