Tauraruwa Mai Wutsiya da Na Ɓoye Maka

Alhaji,

Ina yi maka sallama irin wadda ake yi wa mazauna kabari. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, ai ni ce mai karanta maka komai.

Gida lafiya. Na fita takaba ranar Laraba. Ƙanenka Sabo ya ɗauke Marsandin, direba ya koma Ringim. Turawan nan abokanka na kwangilar siminti, ko ɗaya bai zo gaisuwa ba. Madubin hangen taurarin da ka sayo a Landan yana nan a saman bene. Ba wanda ya kula shi a rabon gado, sai ya zama nawa.

Ka tuna ranar da ka kafa shi? Ka tara baƙi bayan magariba, na hau da shayi. Na nuna musu Kaza da 'Ya'yanta yadda kakata ta koya mini a ƙauye. Ka yi dariya, ka fassara musu, su ma suka yi. Da na sunkuya zan leƙa, ka buge mini hannu, ka zaro hankici ka goge inda girata ta taɓa, wai kwallina zai ɓata gilashi. A gaban matansu. Shekara huɗu ina hawa da shayi ina saukowa da kofuna, ban sake kusantarsa ba.

Sai ciwon suga ya cinye maka idanu, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wa ya rage ya riƙe maka hannu a matakala? Da bakinka ka koya mini juya madubin da daidaita shi, kana lallashi kamar ba kai ba, don in riƙa gani ina faɗa maka.

To, ga abin da ban taɓa faɗa ba. Lokacin da rediyo ta ce tauraruwa mai wutsiya za ta fito ta gabas, kullum bayan sallar asuba sai ka sa na hau da kai. Ka ce tun kana yaro kake jiran irinta. Kwana goma sha ɗaya ina ce maka babu komai, masu rediyo sun yi kuskure.

Tana nan, Alhaji. Ko madubi ba a buƙata. Fara sol, wutsiyarta a baje saman darbejiyar maƙwabta. Na kalle ta har idona ya kawo ruwa, kana gefena a kujera, fuskarka na fuskantar tankin ruwa, kana roƙona in ƙara dubawa. Da Malam Idi maigadi ya ce maka ya gan ta, na ce jirgin sama ya gani. Ka yarda da ni, ka zage shi tas. A rana ta ƙarshe ka yi kuka ba sauti. Na gani. Na gyara mayafina na ci gaba da kallo.

Me zai rage ni da shi in na ce maka tana nan? Na sha tambayar kaina. Har yau in na tuna, nadamar ba ta zuwa, kuma wannan ne yake ba ni tsoro.

Da aka gama yi maka wanka, yayarka ta kira ni in zo in yafe maka kafin a fita da kai. Na durƙusa na ce na yafe, da ƙarfi, don mata su ji. Ba wanda ya ce in nemi taka yafiyar, ni ma ban nema ba.

Sai mun haɗu gaban Wanda ya ga mu biyun.

Matarka,
Hajiya Rabi
Nasarawa, Kano