Ranar da Mai Kunne Ya Ce Da Sauƙi

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Inna ta ce ka daina shafa man da likita ya ba ka, wai warinsa ya dame ka. Haba Baba! Mutumin da ya yi shekara talatin yana shaƙar tawadar maɗaba'a, yau warin man shafawa ne zai kore shi? Don Allah ka ci gaba da shafawa. Mu nan muna lafiya, surukinka da jikokinka suna gaishe ka.

Takarda na zaɓa don a waya ba ka bari in kai aya, ga shi kuma shawara nake nema.

Kullum kana gaya wa maƙwabta wai ina aikin kwamfuta. To ga aikin: lauyoyi da likitoci da masu bincike suna turo mana muryoyin da suka naɗa, mu kuma mu saurara mu rubuta kalma bayan kalma. Mu goma sha huɗu ne, kowa a gidansa, a garuruwa daban-daban. Mutum biyu kawai na taɓa gani ido da ido. Ofishina kusurwar ɗaki ce, tsakanin taga da tsohon keken ɗinkin da muke jibge wanki a kansa. Abin da ya haɗa mu zaure guda ne a waya, inda ake raba aiki.

Wata shida da suka wuce, da aka ba ni shugabanci, na tarar da zauren nan kamar bakin kasuwa. Ina kwana, yaya gida, yaya yara, yaya gajiyar jiya, mutum goma sha huɗu kowa na gaida kowa. Kafin ƙarfe goma an tara saƙo ya fi ɗari. Ran nan wata sanarwa ta gaggawa ta nutse a ciki, babu wanda ya gan ta sai da lokaci ya ƙure. Raina ya ɓaci, na kafa doka: ban da gaisuwa a zaure. A madadinta na sa maɓallai uku. Da safe kowa ya danna ɗaya, kore in lafiya, rawaya in da 'yar matsala, ja in abin ya yi tsanani. Mai Kamfani har yaba mini ya yi. Tun ranar kuwa allona kore shar, ban taɓa ganin wani launi ba.

Matsalata wani dattijo ne a cikinmu, tsohon mai buga takardu a kotu. Mai Kunne muke ce masa, domin ko ana ƙarar fanka, yara na ihu, mai magana na taunar harshe, shi sai ya tsinto kalmar. Wata biyu ke nan aikinsa yana ja da baya. Makon jiya ya tafka kuskuren da ya fi kowanne. Shaida ya ce bai gani ba, shi ya rubuta ya gani. Lauyan da ya ba mu aikin ya wanke mu tas, ya ce saura ƙiris ya kwashe aikinsa. Mai Kamfani ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ko in gyara mutumin ko in sallame shi.

Na kira shi ya fi sau goma, ba ya ɗauka. Can sai ya rubuto a yi masa afuwa, yana kan aiki. Da safe kuma ya danna kore, ko a jikinsa. Ni dai abin da na fahimta girman kai ne, ba ya son sa'ar 'yarsa ta yi masa gyara. Wallahi Baba har na rubuta takardar sallamar, tana nan a ajiye. Amma duk lokacin da na buɗe ta sai in sake rufe ta, don na san shi kaɗai ke ɗauke da gidansa.

Kai da ka riƙe mutum ashirin a maɗaba'a, yaya kake yi da irin wannan? Ka amsa da wuri, kwana goma sha biyu suka rage.

A gaida Inna da kyau.

Taka,
Auta


Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, Inna ma tana lafiya. Amsarka ta iso, kuma ba zan ɓoye maka ba, ta ba ni haushi. Na tambaye ka yadda ake sallamar ma'aikaci, kai kuma ka cika shafi biyu da faɗa a kan gaisuwa. Ka ce na kulle ƙofa da kaina sannan ina mitar ba a shigowa. Ka ce tsayuwar da kake yi a bakin maɗaba'a kowace safiya ba don kama 'yan latti ba ce, don ka ji yadda kowa zai ce lafiya lau ne. Ka ce lafiya lau ta farko godiyar Allah ce, ta biyu ladabi ne, labari sai ya biyo baya in mai tambaya bai gaji ba. Kwana biyu na yi ina cin magani, har surukinka ya tambaya ko shi ya yi laifi.

Ran Laraba da safe dai na gwada, don kada ka ce ban ji magana ba. Na rubuta wa Mai Kunne shi kaɗai, ba a zaure ba. Na tambaye shi kwana, ya ce lafiya lau. Na tambayi gida, lafiya lau. Iyali, suna lafiya. Gajiya, babu gajiya. Aiki, da godiya. Duk wannan lokacin jerin kurakuransa na buɗe a gefe, yatsana na ƙaiƙayi in tura masa. Na ce a raina ka gani ko, Baba, ga gaisuwar taka, ba ta haifar da komai ba. Sai na ƙara ɗaya kawai, na ce yaya jiki.

Alamar yana rubutu ta fito ta ɓace, ta sake fitowa ta ɓace. Har na tashi na sauke ruwan zafi na dawo. Sannan kalma biyu suka shigo: da sauƙi.

Mai lafiya ba ya cewa da sauƙi. Na ce subhanallahi, me ya same ka? A nan ne ya kwance mini bakin jaka. Wata uku da suka wuce ya yi zazzaɓi mai zafi. Da ya tashi, kunnen hagu ya mutu murus, na dama kuma yana ƙugi kamar tsohon firij. Likita ya ce na hagun ba zai dawo ba. Wayata da ba ya ɗauka, ba raini ba ne, ba ya jin abin da ake faɗa ne, yana kuma tsoron in gane. Da na tambaye shi don me yake danna kore, amsar da ya ba ni ta kashe mini jiki. Ya ce ya farka da ransa, ya taka da ƙafarsa, iyalinsa lafiya, da wane ido zai danna ja ya yi wa Allah butulci? Ja ai na wanda aka kwantar ne. Rawaya kuma ya ce ya sha ɗora yatsa a kanta, sai ya tuna ba ta da wurin da zai yi bayani, kuma mai sauraron da ba shi da kunne ya san inda bayaninsa zai kai shi.

Ni fa na zauna na tsara maɓallan nan, ina ta jin daɗi na kawo ci gaba. Ban taɓa tambayar kaina ba wane ne a cikinmu zai amsa tambayar safe da wani abu ban da lafiya. Ni kaina ranar da ƙaramin jikanka ya kwana biyu a asibiti, kore na danna.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Akwai wata a cikinmu, Mai Jego muke kiran ta don goyonta wata huɗu ne. Ashe in ta gama nata aikin, nasa take ɗauka ta sake saurara ta gyara kafin ya turo mini. Ba ita kaɗai ba, bi da bi suke yi. Takardar lauyan nan da ta jawo rigima, ranar ce kawai aiki ya yi wa kowa yawa, aka rasa mai duba masa. Na tambaye shi yaya aka yi suka sani. Ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya faɗa. Tun makon da na hana gaisuwa suka buɗe wani zaure nasu, su goma sha uku. A can suke ina kwana, a can aka yi wa Mai Jego barka, a can ya faɗi ciwonsa tun ranar da ya dawo daga asibiti.

Kowa ya sani sai ni, Baba. Ni da nake cika baki na san mutanena. Na ji kunya, na ji zafi, har da kishi na ji. Na kashe kwamfutar na zauna ina kallon kayan wanki.

Kwana shida suka rage. Mutumin nan ba zai iya aikin sauraro ba, wannan gaskiya ce, kuma ba zan yi wa Mai Kamfani ƙarya ba. Ka taya ni da addu'a.

Taka,
Auta


Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifi, ina fatan kun wayi gari lafiya. Na ji daɗi da Inna ta ce ka koma shafa man, har ka taka zuwa bakin titi. Allah Ya ƙara sauƙi.

Na yi magana da Mai Kamfani ran Litinin, ta bidiyo. Sai da na nemi izinin Mai Kunne kafin in faɗi ciwonsa, ya ce in faɗa, ya gaji da ɓoyo. Mai Kamfani ya saurara har na gama, ya jajanta, sannan ya ce kamfani ba asibiti ba ne. Ba mugu ba ne, Baba, shi ma yana da masu ba shi aiki da yake tsoron rasawa. Ni kuma ka san halin 'yarka in ta kafe. Na nuna masa cewa kuskuren nan ya fita ne don ba mu da mai karanta aiki kafin ya bar hannunmu. Kowa sauraro yake, kowa sauri yake. Ga mutum ya yi shekara ashirin da biyar a kotu, ya san harshen lauyoyi kamar yunwar cikinsa. In ya ga shaida ya ce na gani a sama, a ƙasa kuma ya ce ba ya wurin, zai tsaya ya sa a sake saurara. Wannan aikin ido ne.

Mun yi kusan awa muna ja-in-ja. A ƙarshe ya yarda a gwada wata uku, da sharaɗin in wani ƙorafi ya sake zuwa, ni zan sauka daga shugabanci. Na ce na amince. Surukinka ya ce na yi ganganci, wataƙila kuma yana da gaskiya.

A ranar na cire maɓallan, na sanar a zaure cewa na janye dokar, na kuma ba su haƙuri. Na buɗe wani wuri daban don sanarwar gaggawa, abin da ya kamata in yi tun farko. Kada ka zaci an yi mini tafi. Da safe na yi ina kwana, mutum biyu suka amsa, su ma a taƙaice kamar masu amsa wa ɗan sanda. Yau huɗu suka amsa. Wancan zauren nasu kuwa yana nan, ba a gayyace ni ba, ni ma ban roƙa ba. Yana yi mini ciwo, amma na san ba da sanarwa ake dawo da irin wannan ba. Jiya dai Mai Jego ta turo mini hoton jaririyarta ba tare da na tambaya ba. Na daɗe ina kallon sa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kada dattijon ya ɗauki sabon aikin a matsayin sadaka ya ƙi karɓa. Mutum ne mai gudun a ji tausayinsa. Don haka na zauna na rubuta masa takarda ta hukuma, da sunan kamfani a sama, na jera aikin da zai riƙa yi, ban sa kalmar ciwo ko ɗaya ba. Na karanta ta sau uku na tura.

Wuni guda bai amsa ba. Washegari ma har azahar shiru. Na ce shi ke nan, na jinginar da kujerata saboda mutumin da zai ce ya gode ya tafi.

Da la'asar saƙonsa ya shigo. Takardata ce ya dawo mini da ita. Ya zagaye wuri bakwai. Na manta lanƙwasar harafin ƙa a wuri biyu, na haɗe kalmomin da ake rabawa, na sa ranar fara aiki a Asabar alhali ba ma aiki ran Asabar, wata jimla kuma ya ce ya karanta ta sau huɗu bai ga inda ta dosa ba. A ƙasa ya rubuta cewa ya karɓi aikin da hannu biyu, ya kuma gode, amma ba zai sa hannu a takarda mai kuskure bakwai ba, don haka ranki ya daɗe a gyara a sake turowa.

Baba, na yi dariya har jikokinka suka leƙo, sannan na kifa kai a kan tebur na yi kuka mai isata. Na gyara na tura. Ya sake samo ɗaya.

Ran Litinin zai fara. Ka gaida Inna, ka ce mata muna nan tafe in yara sun sami hutu. Wannan wasiƙar kuma kada ka duba mini kurakuranta, na sha gyara ya ishe ni.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta