Akwatin Rana da Aka Rufe

Mokhotlong, 19 ga Yuli.

Zuwa ga ƙanena Seabata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, a cikin ɗumin Maseru. Tun da madatsar ruwa ta cinye ƙauyenmu aka hayo da mu kan dutsen nan, ƙafarka ba ta taka gidana ba. Mun roƙi famfo, kai kuma da kake aiki a ofishin masu madatsar ka aiko mana akwatin girki mai madubi, mai aiki da zafin rana. Ban manta ba.

Amma gaskiya akwatin ya yi aiki. Matata Malimpho takan danna dusar ƙanƙara cikin baƙar tukunya, ta rufe gilashin, ta yi ta juya shi yana bin rana. Tukunya cike, ruwan da ke fita bai fi na shayi da wanke fuska ba. Takan ce mini, "Ntate Malam," wato Baba Malam, "ga ƙanenka nan yana zufa dominmu."

An gaya maka ciwon ƙirji ya ɗauke ta. Ga abin da ba a gaya maka ba. Yayarmu Masechaba ta zo zaman makoki, ta shafa toka a tagogi, ta rufe madubin ɗaki yadda aka saba. Sai ta hango akwatin a tsakar gida, ta jefa masa bargo. Na ce mata tukunya ce kawai. Ta ce, "Madubi madubi ne, Tlali. Karatun ya cinye maka kai? So kake marigayiyar ta leƙa ta ga kanta, ta ƙi tafiya?"

Rana tana ta haskawa a banza. Kashin shanun da muka tara ya ƙare wajen dafa wa masu gaisuwa abinci, ga shi ana bukatar ruwan wanke hannu in an dawo daga kabari. Sai 'yata Limpho ta yafa bargonta, ta ɗauki bokiti ta gangara rafi. Hanyar ta daskare da ƙanƙara, ga santsi. Bokitin muka fara gani.

Yanzu kowa ya watse. Na yaye bargon daga kan akwatin, don dole in sha ruwa. Ni da na koyar da yara yadda haske ke tafiya, ba na iya duban madubin nan, sai in kau da kai in lalubi tukunyar. Wani lokaci da hantsi ina ɗaki nakan ji ƙarar katako a kan dutse, irin ta mai juya akwati. In na fito sai in tarar yana fuskantar rana. Ban san wacece a cikinsu ba, uwar ko 'yar.

Kada ka aiko komai. Ka gaida matarka da yara. Limpho tana kwance kusa da uwarta, ƙasar kabarin farko ba ta ko zauna ba. Ba ni da kowa a gidan nan.

Yayanka,
Tlali