Layin da Uwaisu Yake Karanta Mini

Makoda,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yaya Maijidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Yaya, sai jiya na gane abin da na yi. Abdussalam, abokin aikin marigayi Uwaisu, ya zo da kwamfutarsa. Daga zaure ya yi mini bayani, tunda ina takaba.

Kin san manhajar da Uwaisu ya haɗa wa ƙungiyar manoma, mai tura musu saƙo a waya cewa ruwan shuka ya kusa. Duk gyaran da ya yi mata, kafin ya ajiye sai ya rubuta layi ɗaya, abin da ya canza da dalilinsa. Ni yake karanta wa. Yakan ce idan mai firamare ta gane, kowa zai gane. Har yanzu ina tuna wani: "Raba manoman Kunci da na Makoda, don saƙo ya daina zuwa sau biyu." Idan na ce ya yi tsawo, sai ya yi dariya ya rage.

Da tsadar nan ta matsa, na kama ƙuli-ƙuli. Wata rana ya biyo ni har gindin murhu yana karantawa, mai yana ƙuna. Na ce ya rubuta abin da ya ga dama, ba ni da lokaci. Bai yi fushi ba, amma bai sake karanta mini ba. Ashe a lokacin ma ciwon ya fara cinsa.

Abdussalam ya ce saƙo ya daina isa Kunci. Ya bi layukan don ya gano inda aka samu matsala. Na shekara biyu duk a fili suke. Amma goma sha tara na ƙarshe, kalma ɗaya ce a kowanne, "gyara". Dole ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni ko marigayin ya faɗa mini wani abu a kansu. Na ce masa bai faɗa mini komai ba.

Bara mutanen Kunci da saƙon nan suka shuka, irinsu bai ƙone ba. Bana hadari ya fara haɗuwa. Ki saka su a addu'a, ki saka ni.

Takwas Abdussalam ya buɗe cikin gyare-gyaren, saura goma sha ɗaya, kuma har yau saƙon bai tafi ba.

Ki gaida Inna da kowa.

Ƙanwarki,
Kaltume