Faifan Gwaggo Yelwa

Yaya Nafisa,

Na fita kina barci, na tafi Utai. Kin tuna hoton turarenmu da na sa a WhatsApp jiya? Mata shida suka yi magana, ba wadda ta tambayi turare. Duk faifan da muka jera kwalaben a kai suke so! Wata daga Kaduna har dozin biyu take nema. Sati huɗu muna talla shiru, ni dai me suka gani a jikinsa? Tunda Gwaggo Yelwa ce ta ɗinka shi, zan ji ko nawa take iya yi a sati, in ta gama yi mini dariya.

Don Allah kar ki rufe tuwo da shi yau.

Khairiyya